Ina Bar Beach ta shiga?

Tambaya: Mahaifina ya yi aiki a Legas a shekarun 1980, kullum hirarsa Bar Beach. Bara na je Victoria Island na neme ta, ban ga komai ba sai shinge da dogayen gine-gine. Me ya faru?

Amsa: Malam, ba ɓatan hanya ka yi ba, wurin ne babu.

A zamanin da Baba yake ba ka labari, Bar Beach bakin teku ne, wurin shan iskar talaka da mai kuɗi, a gefen titin Ahmadu Bello. Ga masu dawaki suna ɗora yara, ga hayaƙin tsire, can gefe 'yan coci masu fararen riguna suna addu'a ba takalmi. A nan kuma gwamnatin soja ta riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna ana harbe su a bainar jama'a, cikinsu har da Oyenusi a 1971.

Amma ciwon wurin ya girmi Baba. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jibge duwatsu, suka yi dogayen shingaye a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. To, a wannan gaɓar igiyar ruwa daga yamma take kwaso yashi tana kai shi gabas. Da aka tare shi, sai ya taru a ɓangaren yamma. Bar Beach da ke gabas ta daina samun sabo, teku kuwa bai daina ɗiba ba. An yi ta zuba mata yashi, amma ɗibar ruwa da kwando aka yi. Har ta kai ruwa na hawa kan titi yana shiga ofisoshi.

Daga 2008 gwamnatin jihar da kamfanin South Energyx suka fara yaso yashi daga cikin teku suna cike wurin, don gina sabon gari mai suna Eko Atlantic, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10. Katangar da ke tare igiyar, duwatsu ne da curin kankare mai nauyin tan 5 kowanne.

Ambaliyar titin dai ta tsaya, wannan ba musu. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a ware wa talaka gurbin abin da ya rasa ba. In kana son taka yashi yanzu, sai ka nufi bakin teku irin na Elegushi, kuma ka riƙe kuɗin ƙofa a hannu.