Amsa: haruffan LRPS da lambobin ƙungiyar masu hoto ta Ingila, ga wanda ke zaune a Jidda

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce shekara huɗu kana ɗaukar hoton biki da suna a Jidda, kana ganin wasu na rubuta LRPS ko ARPS bayan sunansu, kana so ka san ko lambar yabo ce, ko kuma ana iya samunta daga nan. Ana iya samu. Amma abu biyu ne ka haɗa wuri ɗaya, gara mu raba su tukuna.

Ƙungiyar ita ce Royal Photographic Society. An kafa ta a Landan a 1853, Roger Fenton, wanda ya ɗauki hotunan yaƙin Kirimiya, shi ne sakatarenta na farko, a 1894 kuma aka ƙara mata kalmar Royal. Ofishinta ya koma Bristol a 2019. Tana da lambobin girmamawa, irin su Progress Medal da aka fara tun 1878 don wanda ya kawo ci gaba a kimiyya ko fasahar hoto, da Centenary Medal da aka fara a 1993. Waɗannan ba jarrabawa ba ce da za ka zauna; gabatar da sunan mutum ake yi, kwamiti ya zaɓa, galibi bayan aikin shekaru masu yawa. Ka ajiye su gefe.

Abin da ka gani bayan sunayen mutane mataki ne na ƙwarewa, kuma shi kowa na iya nema, ba sai Bature ba. Hawa uku ne, daga ƙasa zuwa sama: LRPS (Licentiate) da hoto 10, ARPS (Associate) da hoto 15 haɗe da gajeren bayanin manufar aikin, sai FRPS (Fellow) da hoto 20 ko 21; RPS ɗin da ke ƙarshen kowanne taƙaitaccen sunan ƙungiyar ne. Ana biyan kuɗin dubawa, kuma sai kana cikin ƙungiyar kana sabunta rajista ne kake da damar rataya haruffan. Ka daina biya, haruffa su tafi. Ka lissafa wannan da riyal kafin ka fara, don kwastoman biki a Jidda ba zai ƙara maka ko sisi saboda su ba. Amfaninsu na gaske shi ne idon alƙalan da ba su san ka ba, ba su jin kunyarka.

Ka fara da LRPS. Ana turawa ta intanet, don haka nisa ba matsala ba ne. Inda mutane ke faɗuwa shi ne zaton cewa gasa ce ta hoto mafi kyau. Goman ake dubawa a matsayin abu ɗaya, kuma hoto ɗaya mai aibi yana iya kayar da tara masu kyau. Wake ɗaya dai. Suna son su ga ka iya sarrafa haske iri-iri, ka san inda za ka tsaya, ka san abin da za ka bari ya fito tar da abin da za ka bari ya dushe. Hoton amarya goma daga kusurwa ɗaya da filasha ɗaya bai nuna haka ba, ko da kowanne ya yi kyau. Ka gauraya: fuska a hasken taga, tagogin katako na rawashin a Al-Balad, tsohon garin Jidda, wani abu na kusa-kusa kamar hannun mai dama shayi, wani mai motsi, wani na bayan magariba.

Jerin ma ana dubawa. Kada hoto mai duhu ƙirin ya biyo bayan mai fari fat ba dalili, kuma idan mutum na kallon gefe a hoton ƙarshe, ya kalli cikin jerin, ba waje ba.

Yanzu aibobin da ƙasar nan ke jawowa, don su ne za su fi cin ka.

Na farko farar jallabiya a rana. Idan farin ya ƙone, babu zare babu ninki, ya zama fili fari kawai, ba manhajar da za ta dawo da shi. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kunna alamar da ke ƙyaftawa inda haske ya wuce kima, ka rage hasken a ma'aunin ƙara ko rage haske na kyamara (EV) da -1/3 zuwa -2/3, in rana ta take har -1. Inuwa ana iya ɗago ta daga baya, farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Kuma ga fatarmu: baƙin mutum cikin farar riga shi ne jarrabawa mafi wuya ga kyamara. Ka kai shi inuwa mai buɗewa, ko ka sa farin kwali ya mayar masa da haske a fuska, maimakon ka ja inuwar a kwamfuta har fata ta koma toka-toka da ƙwayoyi.

Na biyu ƙura. Ka tsuke ƙofar haske ta gilashin kyamara zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗe hoton a girman 100%. Ɗige-ɗigen da ka gani ƙura ce a kan sensa, wato ɓangaren da ke karɓar hoto a cikin kyamara, kuma suna iya fitowa a hotunan da ka ɗauka masu sararin sama a ciki. Ka hura da famfon roba na hannu, bakin kyamara na kallon ƙasa, ban da hurawa da baki. Sannan ka bi hotuna goman ɗaya bayan ɗaya, kusurwa zuwa kusurwa. Alƙalai na ganin ɗigon da kai idonka ya saba da shi.

Na uku raɓa. Ka fito da kyamara daga ɗaki ko mota mai sanyi zuwa zafin Jidda mai laima, gilashi ya yi gumi, hoto ya fito kamar an shafa masa man shanu. Ka bar ta cikin jaka a rufe minti 20 zuwa 30 ta ɗauki zafin waje.

Sai hasken ɗakin biki, inda fitila ruwan ɗorawa, da shuɗiya, da filasha ke haɗuwa a fuska ɗaya. Irin wannan da wuya ya gyaru. Ka bar shi a kundin kwastoma. Haka yawan ƙara kaifi: idan ka ga siririn farin layi ya zagaye hasumiyar masallaci inda ta haɗu da sama, ka wuce gona da iri, ka koma baya. Ga wanda zai wanke hoto a takarda don mataki na gaba, allon da ya cika haske shi ke sa hoto ya fito da duhu. A sauke hasken allon kwamfutar zuwa wajen 100 ko 120 cd/m², wato ma'aunin hasken allo, a yi gwaji da ƙaramar takarda tukuna. Takardar A4 a 300 ppi, wato pixel 300 a kowane inci, tana bukatar hoto mai pixel 2480 × 3508.

Wata magana da ba ta fasaha ba, amma ta fi duk waɗannan nauyi a nan: izini. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya da makamantanta. Hoton biki kuma amana ce. An biya ka ka ɗauka, ba a ba ka izinin tura matan mutane Ingila ba. Duk fuskar da za ta shiga goman nan, ka samu yardar mai ita, a rubuce ya fi.

In gasa mai kyautar kuɗi kake nema, wannan wata hanya ce daban: akwai gasar hoto ta duniya ta Hamdan (HIPA) ta Dubai da aka fara a 2011, akwai kuma Kingdom Photography Award ta Hukumar Fasahar Gani da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu a nan. Ka karanta sharaɗin wanda ya cancanta da kyau, musamman abin da ya shafi mai iƙama.

Don LRPS kuwa, ka sauke ƙa'idar wannan shekarar daga shafin ƙungiyar, don girman fayil da tsarin turawa suna canzawa. Ka tara hoto kamar 30, ka wanke su ƙanana, ka baza a ƙasa, ka rage zuwa 15, ka bar su mako guda ba ka kalla ba. Ƙungiyar na da zaman ba da shawara ta intanet kafin a tura. Ka shiga da goman da ka zaɓa da biyar ɗin da suka rage, don sau da yawa a cikin biyar ɗin nan ake samun wanda zai maye gurbin hoton da ka fi so.