Amsa ga 'yar'uwar da za ta zaga da Hajiya a Alƙahira

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki, cewa yini ɗaya ya rage muku bayan sallamar likita, kina so ki kai Hajiya dalar Giza da Ƙal'a, wato tsohuwar ganuwar Salahuddin, da Azhar da kabarin Imamu Shafi'i duk a ranar, ga ta da ciwon gwiwa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don irin lissafin da muka yi ke nan lokacin da aka yi wa Baba aikin ido. Don girman Allah ki cire Giza.

Giza tana ƙetaren Nilu ta yamma, mu kuwa a unguwar Madinatu Nasr muka sauka, can gabas. Kafin mu fita daga cunkoson motoci rana ta take. Wurin rairayi ne da duwatsu, babu inuwar da tsoho zai fake. Muna tsaye sai ga wani mai raƙumi da sallamarsa da fara'arsa, yana kiran Baba da Alhaji, yana yabon mutanen Najeriya, wai hoto kawai za a ɗauka, kyauta ne saboda Allah. Baba mutumin Illela ne, raƙumi ba baƙonsa ba ne, sai ya yi murmushi ya hau. Raƙumin na miƙewa mutumin ya ja akala ya nausa cikin rairayi, ina binsa ina magana ko waiwaye bai yi ba. Da muka yi nisa da jama'a ya tsaya, ya ce ba zai gurfanar da shi ba sai an biya. Kuɗin da ya faɗa ya fi abin da muka biya a ƙofa mu duka.

'Yar'uwa, dattijo mai ciwon suga, idonsa ɗaya a rufe da bandeji, yana can sama ya riƙe sirdi hannunsa na rawa. Na roƙi mutumin nan da Larabcin da na iya, na nuna masa idon, na haɗa shi da Allah da Annabi. Dariya ya yi. Baba yana cewa a hankali, ba shi, ba shi abin da yake so. Na zazzage aljihuna kaf, ya ƙirga a gabana, ya ce a ƙara. Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne da sallama ya fara, da salati a bakinsa ya ja mu. Da Baba ya sauko ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, sai da muka riƙe shi har mota. Bai ƙara cewa uffan ba, ziyarar ranar ta mutu a nan, alhali tun daga gida Imamu Shafi'i kawai yake ambata. Ban yafe wa mutumin nan ba, Allah ya isa.

Ki fara da Imamu Shafi'i da sassafe. Mota tana kaiwa kusa da ƙofa, babu hawa. A Masar ya rasu a shekara ta 204 bayan hijira, ƙubbar da ke kansa kuma Sarki Kamil, ɗan ɗan'uwan Sarki Salahuddin Ayyubi, ya gina ta a 1211 miladiyya. Kabarin Imamu Laisu bin Sa'ad yana nan kusa. Mu sai da muka koma a duba idon muka samu zuwa, kuma ki bar Hajiya ta zauna iya son ranta, kada direba ya hanzarta ku.

Direba ma, ku yanke kuɗi tun kafin ku shiga, ko ki kira ta manhajar waya. Kuma duk abin da aka miƙo miki a hannu aka ce kyauta, tasbaha ce ko ɗankwali, kada ki karɓa.

Ƙal'a a kan tudu take, daga ƙofa zuwa masallacin Muhammad Ali akwai hawa, ki duba ƙarfinta tukuna. Salahuddin ne ya fara ginin a 1176. In ta iya, daga farfajiyar sama ana ganin birnin, ranar da babu hazo har dalar ana hangowa daga nesa, kin ga ta gani ba tare da wani ya wulaƙanta ta ba. In ba ta iya ba ku wuce Azhar ku yi azahar. Tun 972 ake sallah a masallacin nan, masallacin Husaini kuma yana tsallaken titi. Kada ki shigar da ita kasuwar Khan Khalili, turmutsitsin ya yi mata yawa. Ki bar ta a sashen mata da wata, ki je ki sayo tsarabar.

Ki nemi ɗalibi ko ɗaliba daga cikin yaranmu na Azhar su raka ku. Amma ina roƙon mutanen zauren nan mu ji tsoron Allah game da yaran nan. Yaro ya bar darasi ya wuni yana yi mana tafinta, yana ɗaukar jaka, yana faɗa da direbobi, a ƙarshe a sallame shi da Allah ya yi albarka. Da yawansu da ƙyar suke biyan haya. A ba su abin kirki, a ciyar da su.

In a Madinatu Nasr kuke, kan hanyar komawa ku tsaya kabarin tsohon shugaban Masar Anwar Sadat, wurin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin 1973. A daidai nan aka harbe shi yana kallon fareti ranar 6 ga Oktoba 1981. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba ya cin lokaci, kuma sa'o'in Hajiya sun ji labarin a rediyo.

Ki riƙe ruwa da dabino da maganinta a jaka, ki nemi aron keken marasa lafiya a masaukinku. In ranar za ta iya faɗowa Juma'a ki zaɓe ta, don da safe titunan sun fi sauƙi, sai dai ku isa Azhar da wuri saboda cikowa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ki gaishe ta.