Kokawar Japan: Wace Zan Biya wa Kuɗi, Daga Ina Zan Fara?

Tambaya: Malam, tun ina yaro resilin ɗin Amurka nake kallo. Wani abokina ya matsa mini cewa wanda bai ga wasan cin kambu na Japan ba, bai ga kokawa ba. Kuɗin rajista ɗaya nake da shi. NJPW World zan biya ko Wrestle Universe? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, ka biya NJPW World, wata ɗaya kawai tukuna. Ita ce tashar intanet ta kamfanin New Japan, wanda Antonio Inoki ya kafa a 1972, kuma manyan wasanninta suna da sharhi da Turanci. Wrestle Universe tana nuna wasannin kamfanonin Noah da DDT da kokawar mata ta Tokyo Joshi. Tana da kyau, amma ta fi dacewa da wanda ya riga ya san gari.

Abokinka yana da gaskiya, sai dai kada ka shiga da zaton dambe za ka gani. A Japan ma an tsara wanda zai yi nasara tun kafin a shiga fage. Bambancin yana wajen yadda suke riƙe abin. Surutu da makirufo kaɗan ne, labarin a jikin 'yan wasa yake. Wasan babban kambu yawanci ana ba shi iyakar minti 60, kuma in mutum ya faɗa waje alƙali yakan ƙirga har 20, ba 10 ba. Don haka ana da lokacin da za a gajiyar da gwiwar mutum tun farko, ka ga bayan rabin sa'a gwiwar ta ƙi ɗaukarsa daidai lokacin da ya fi buƙatarta.

Kuskuren da sababbin masu kallo suke yi shi ne su nemi wasan da aka fi yabo su fara da shi. Kada ka yi haka. Ka bi Kazuchika Okada a jere. Fara da Wrestle Kingdom 9, babban taron New Japan na shekara, ranar 4 ga Janairu 2015 a Tokyo Dome, inda Hiroshi Tanahashi ya kayar da shi, Okada ya fita daga fage yana kuka a gaban jama'a. Sai ka kalli karawarsu a wuri guda bayan shekara ɗaya. Makamin Okada sunansa Rainmaker: yakan kama wuyan hannun mutum ta baya, ya juya shi, ya fizgo shi ya tare shi da damtse a maƙogwaro. Can kusa da ƙarshen wannan karawa ta biyu Tanahashi ya kwaɗa wa Okada mari don ya kuɓuta, dukansu suka zube ƙasa, amma da kyamara ta matso sai ga yatsun Okada har yanzu a damƙe da wuyan hannun Tanahashi. Wanda bai ga kukan bara ba, hannu kawai zai gani. Wanda ya gani, tsigar jikinsa ce za ta tashi.

Daga nan ka shiga zamanin da Okada ya riƙe kambun IWGP, babban kambun New Japan a lokacin, kwana 720, daga Yunin 2016 zuwa Yunin 2018, ya kare shi sau 12. Ba duka goma sha biyun ne suka cancanci datarka ba. Waɗanda ba zan yafe maka ba su ne karawarsa da Kenny Omega. Ta farko, Janairun 2017, ta haura minti 45, kuma duk tsawonta Omega bai samu ya yi masa nasa makamin ba, wato One-Winged Angel. Ta biyu a Osaka cikin Yunin wannan shekarar ta cinye minti 60 cif aka tashi canjaras. A cikinta ne Okada ya kai Rainmaker, Omega ya durƙushe don tsabar gajiya, bugun ya wuce ta saman kansa. Sai ranar 9 ga Yuni 2018 aka cire iyakar lokaci, aka ce sai wanda ya ci sau biyu, Omega ya karɓe kambun bayan sama da sa'a ɗaya.

Gaskiya minti goma na farkon irin waɗannan wasannin yakan yi sanyi, kuma ba kowane dogon wasa ne mai kyau ba. In ka ga ba ka da haƙurin haka, gasar G1 Climax da ake yi wajen Yuli zuwa Agusta ta fi dacewa da kai, domin wasannin rukuni ba sa wuce minti 30.

Kafin ka biya, ka kalli abin da kamfanin ya saka kyauta a YouTube. Ka tambayi bankinka ko katinka yana biyan kuɗi a waje, kuma ka tuna rajistar tana sabunta kanta duk wata in ba ka soke ba. Japan tana gaban Nijeriya da Nijar da sa'a 8, wasan yammarsu a nan hantsi ne.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 11 yana roƙona in yi masa rajistar. Ko da matsala? (Uwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ni dai ba zan bar yaro mai wannan shekarun ya kalla shi kaɗai ba. Harshe da shiga sun fi na wasu wuraren tsabta, amma dukan yana da nauyi, kuma yara da kwaikwayo. A Afrilun 2017 Katsuyori Shibata ya yi wa Okada karo da kai a wasan kambu, jini ya gangaro wa shi Shibatan ta goshi. Bayan an tashi ya faɗi a bayan fage, aka gano jini ya taru masa a cikin kai, sai da aka yi masa aiki, ya yi shekaru bai koma kokawa ba. A wurina wasan yana cikin mafi kyau da aka taɓa yi, kuma har yau wannan karon yana sa ni ɓacin rai. Mitsuharu Misawa, wanda ya kafa Noah a 2000, ana tsakiyar wasa ya gamu da ajalinsa a Hiroshima a Yunin 2009, bayan shekaru yana faɗuwa a kan wuya. Waɗannan ƙwararru ne da suka sha horo. In za ki yi masa, ki sa babba ya zauna tare da shi, a kuma gaya masa ƙarara cewa ba a gwada ko ɗaya a kan ƙanne.

Tambaya: Ana ta yabon Misawa da Kawada na 1994. Zan same shi a NJPW World? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: A'a, kada ka biya don shi. Wasan na All Japan ne, kamfanin Giant Baba, an yi shi ranar 3 ga Yuni 1994 a zauren Nippon Budokan a kan kambun Triple Crown, Misawa ya yi nasara a kan Toshiaki Kawada. Kamfani daban ne da New Japan, don haka ba ya cikin rumbunsu. Ka neme shi da sunayen biyu da kwanan watan, ka haɗa da Kenta Kobashi da Misawa na ranar 1 ga Maris 2003, wanda shi kuma na Noah ne.