Yaya zan koya wa ɗaliban ƙaramar sakandare tantance abin da suka samo a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare a cikin garin Gombe, ina koyar da darasin kwamfuta a aji biyu da aji uku. Duk lokacin da na ba ɗalibaina aikin gida, sai su ari wayar iyayensu ko ta yayyensu, su kwafo abu na farko da Google ya nuna musu, wani lokaci ma daga Facebook. Kwamfutocinmu ba su da yawa, wutar lantarki kuma sai a hankali. Ta yaya zan koya musu bincike, da kuma gane shafin da ya cancanci a yarda da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya ƙara basira. Matsalar da kika kawo ba ta ɗaliban Gombe ba ce kaɗai. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford da ke Amurka sun gwada dubban ɗalibai, suka tarar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan matakin ƙaramar sakandare sun ɗauki talla a matsayin labari, duk da cewa an rubuta a jikinta cewa biya aka yi aka saka ta. Iya latsa waya daban, iya tantance labari daban, kuma na biyun sai an koyar.

Shawarata ita ce ki fara da tambayoyin da ke da ɗalibanki kuka riga kuka san amsarsu, domin yaro ba zai gane shafi ya yi kuskure ba a kan abin da shi kansa bai sani ba. Ki ce su nemo shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gombe daga tsohuwar jihar Bauchi, wato 1 ga Oktoban 1996, ko yawan ƙananan hukumominta, waɗanda suke 11. Daga nan sai ki matsa zuwa tambayar da za ta rikita su, kamar yawan al'ummar jihar. Za su dawo miki da alƙaluma mabambanta, kuma a nan darasin yake: ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba Gombe mutum kusan miliyan 2.4, saboda haka duk wani adadi da ya zo bayanta ƙiyasi ne, kuma wajibi ne shafin da ya kawo shi ya faɗi wanda ya yi ƙiyasin da shekarar da aka yi shi.

Dabarun binciken kansu ba su da wahala, darasi ɗaya ko biyu ya ishe su. Su riƙa rubuta muhimman kalmomi maimakon doguwar jimla, su sa alamar zance a kan sunan da suke so ya fito daidai yadda suka rubuta shi, su kuma ƙara site:gov.ng a ƙarshen abin da suke nema idan bayanin hukuma suke so. Ki nuna musu cewa sakamakon da ke can sama mai ɗauke da kalmar Sponsored kuɗi ne ya kai shi wurin, ba inganci ba. Yana da kyau su nemi abu ɗaya da Hausa da kuma Turanci, domin rubuce-rubucen Hausa a intanet ba su da yawa, sau tari shafuka biyar kan kwafi juna har da kuskuren rubutu.

Inda nake so ki fi ba da ƙarfi shi ne yadda ake auna shafi. An daɗe ana koya wa yara su duba kyan shafin, da tambarinsa, da ko adireshinsa ya ƙare da .org, da ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa da ke gefen adireshin. A ganina wannan hanya ta tsufa, har ma tana iya cutarwa, domin kowa yana iya sayen adireshi mai .org, kwaɗon kuma ba ya nuna komai face cewa an kare saƙon da ke tsakanin wayarka da shafin, ko da kuwa na ɗan damfara ne. Waɗancan masu binciken na Stanford sun kwatanta ƙwararrun masu tantance labarai da malaman tarihi da ɗaliban jami'a, sai suka ga ƙwararrun ne suka fi saurin gano gaskiya, kuma abin da suke yi shi ne barin shafin nan take, su buɗe wani, su nemi abin da wasu majiyoyi suka faɗa game da masu shi. Ɗaliban da ke zuwa Islamiyya ba za su sha wahalar fahimtar wannan ba, tun da sun san cewa malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya don daɗin lafazinta, sai sun bi isnadi sun ji shaidar da wasu suka yi wa mai ruwayar. Tambayoyin da za ki dasa musu su ne: wa ya rubuta, me wasu suka ce game da shi, wace hujja ya kawo, kuma yaushe aka rubuta?

Adireshin .gov.ng ya bambanta da sauran, domin hukumomin gwamnati kaɗai ake ba shi. Wannan zai amfane su nan gaba kaɗan, lokacin da za su fara hulɗa da jamb.gov.ng da neco.gov.ng, kasancewar 'yan damfara kan buɗe shafuka masu kama da su don karɓar kuɗin ɗalibai. Sai dai ko shafin hukuma yakan kwana biyu ba a sabunta shi ba, don haka duba kwanan wata bai faɗi a kansu ba. Wikipedia kuwa ban ga dalilin haramta ta ba. Mafari ce mai kyau, muddin za su sauka ƙasan maƙalar su bi majiyoyin da aka ambata.

Game da jita-jita, akwai misalin da iyayensu za su iya ba su labarinsa. A watan Agustan 2014, jim kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Najeriya, saƙo ya bazu cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, jama'a da dama suka bi, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. Ki sa su tambayi iyayensu daga wa suka ji, wancan kuma daga wa ya ji, su ga ko za su iske wani likita a ƙarshen jerin. Bayan haka ki gabatar musu da kafafen tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, ki kuma nuna musu yadda ake saka hoto a Google Lens don gano inda ya fara fitowa, saboda da yawa daga cikin hotunan da ake yaɗawa lokacin rikici ko ambaliya tsofaffi ne, ko kuma na wata ƙasa.

Ƙarancin kayan aiki ba zai hana ki ba. Waya ɗaya ta isa ki ɗauko hoton shafuka uku a kan batu guda, ki buga su a takarda, ki raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi wanda ya fi yarda da shi ya kuma kare zaɓinsa a gaban 'yan uwansa. Sannan ki sauya yadda kike ba da maki: rabi ga amsa, rabi ga bayanin inda aka samo ta da majiya ta biyu da ta tabbatar da ita. Wannan ƙa'ida ta haɗa da wanda ya tambayi ChatGPT ko Meta AI na cikin WhatsApp, domin waɗannan manhajoji kan ba da amsar da ba daidai ba cikin lafazi mai gamsarwa. Ya rubuta cewa daga nan ya fara, sannan ya kawo shafin da ya gaskata abin da aka faɗa masa kafin ki ba shi cikakken maki.