Sai inji ya tsaya ake neman kayan gyara

Malam, ka ce kana da ƙaramin kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa da ke Kano, kuma duk sanda inji ya lalace sai aiki ya tsaya kwana biyu ana yawon neman kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa. Na san wannan ciwon, don na riƙe sito a wata masana'anta.

Littafi ne ya cece mu. Duk abin da makaniki ya canza, a rubuta lambarsa da ranar: bel, boris, robar casa, rariya. Cikin wata uku za ka ga kaya ƙalilan ne ke cin kuɗinka. Su za ka ajiye biyu-biyu, in an ɗauki ɗaya a sayo madadinsa a ranar.

Lambar nan kar a yi wasa da ita. Yaro ya taɓa kawo mana boris 6205 maimakon 6206, bambancin milimita 5 kacal a ramin, muka kwana ba aiki, mai shinkafa na tsaye da motarsa a bakin ƙofa.

Ka tsayar da dillalai biyu, ku daidaita farashi wata-wata. Kuma don Allah, wanda ya ce a sayo kada ya zama shi ke zuwa kasuwa, ta nan jabu ke shigowa a farashin mai kyau.