Fankar jirgi da batirin aro

Lawali, ka ce in zaɓa maka fanka don ƙaramin jirgin saman nan na telekomand da kake haɗawa, mai milimita 64 ko mai 70, wai ka ga wata a waya mai fukafukai 12 tana kuka kamar jirgin soja. Kuka! Ku yaran yanzu da kunne kuke sayen kaya. Ka ɗora jirgin bisa sikeli kuwa? Na san ba ka ɗora ba.

Girman fanka ba kai ke zaɓensa ba, ramin da ke cikin jirgin ke zaɓe, wannan ko mai share mana shago ya sani. Abin dubawa shi ne turawarta ta kusanci nauyin jirgin da batirinsa a ciki. Mai 64 da batir ɗaki huɗu, wato ƙwayoyin batir huɗu haɗe a jere, tana ba ka kilo ɗaya da ɗan abin da ya ɗara, mai 70 da ɗaki shida tana kai kilo biyu. Abin da suka rubuta a kwali kuma a kan teburi suka auna shi, iska na shigowa sakaka. In ka cusa ta cikin jirgi sai wani abu ya ragu. Amma lambar da nake so ta zauna maka a kai ita ce KV da ke jikin injin, wato yawan juyin da yake yi a minti kan kowane bolt, don ita ta cinye mini jika 85.

Wata bazara, cikin Afirilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce 40 tun kafin azahar, wani yaro ɗan masu hali ya zo nan bayan kasuwar Katako da jirgin kumfa babu komai a cikinsa. Ya ce in sa masa wadda ta fi kowace ƙarfi. Na yi masa lissafi jika 85, ya ba da jika 30 kafin alƙalami. Na sa aka kawo daga Sin, fanka mai 70, inji KV 2800, da ESC mai ampiya 60, wato abin da ke daidaita gudun injin. Fiye da wata guda ina jira, na biya duwan daga aljihuna. Dare biyu na yi ina daidaita fukafukan nan, in liƙa ɗan ƙyallen salatif, in kunna, in dafa da yatsa in ji ko rawar ta ragu, in ɓare in matsa gaba, har sai da na iya ajiye kofin shayi kusa da ita bai motsa ba. Bututun baya na naɗe shi da hannuna, na tsuke bakinsa zuwa kashi 85 cikin ɗari na filin da fukafukan ke sharewa. Na rubuta 4S, wato batir ɗaki huɗu, da jan alƙalami a cikin murfi, na faɗa masa da baki sau uku. Muka tsallaka hayin Harobanda, na tashe shi a gabansa, minti uku da rabi na sauke, inji da ɗumi kawai. Ya ce gobe zai aiko da ciko.

Kwana uku sai ga shi da jirgin cikin buhun shinkafa, wani ƙanensa na riƙe. Tun kafin a kwance buhun na ji warin. Zaren tagulla na cikin inji ya yi baƙi kamar gawayi, rigar ESC ta fashe, kumfar da ke kewaye ta narke ta yi rami. Ya ce jabu na sayar masa. Ban ce uffan ba, na buɗe murfi. Wurin zaman batir an fafe shi da wuƙa, an faɗaɗa, ga ɓarɓashin kumfa nan a ciki. Batirina yana shiga daram, me za a fafe masa? Ƙanen ne ya yi suɓutar baki, ya ce ai na abokinsa ya ara, mai ɗaki shida, don ya fi gudu.

Yi lissafin da kanka. Ɗaki guda bolt 3.7 ne. Huɗu 14.8, ka ninka da 2800, juyi dubu 41 da wani abu a minti in babu kaya a kai. Shida 22.2, ya zama dubu 62. Fanka kuwa in ka ƙara mata gudu da rabi, kuran da take ja ya fi ninki biyu. ESC mai 60 ina zai kai wannan, cikin ranar bazara? Na zana masa a takarda, ya ce shi bai zo lakkol ba. Washegari baffansa ya zo, dattijon da ke sahu ɗaya da surukina a masallaci, ya ce a yi haƙuri, yaro ne. Ciko bai zo ba, kafin alƙalamin ma sai da na mayar saboda kunya. Haƙurin a aljihuna aka yi shi. Har yau in motarsa ta gifta nan yana ɗaga mini hannu!

To, in ramin naka na 70 ne kuma kana son ɗaki shida, nemi inji mai KV wajen 2000 zuwa 2300, da ESC mai 80 ko sama. In kuɗinka na ɗaki huɗu ne, tsaya a nan, ba abin kunya ba ne. Mai fukafukai 12 da kake marmari ta fi daɗin ji, gaskiya ne, amma ta fi mai biyar cin batir. Ƙofar shigar iska kada ta gaza filin fukafukan, in ba haka ba fanka za ta yi ta ihu tana shaƙewa. Kada ka tashe shi daga kan rairayi, tsakuwa ɗaya in ta shiga an gama da fukafukai. Ka sa agogon telekomand ya yi ƙara a minti uku. Kuma ka yi nesa da wajen filin jirgin Diori Hamani, ba ni da ƙafar zuwa belinka.

Liƙa waya da dalma ba zan koya maka a nan ba, shekararka biyu a shagon. Injin nan da ya ƙone yana cikin gwangwanin madara ƙarƙashin teburi. Ɗauko shi ka sunsuna, sannan ka je wurin mai kanti ka aro mana sikeli.