Me Ya Sa Kumbona Yake Faɗowa Bayan Ya Kai Sama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na harhaɗa kumbo a manhajar Kerbal Space Program, wasan kwamfuta na ƙera roka da harba ta, na jibga masa manyan tankunan mai da injuna, amma duk lokacin da na harba shi, ko dai ya kife tun bai yi nisa ba, ko kuma ya haura kilomita 70 sannan ya rikito kamar dutse. Ina gizo yake saƙar?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Matsalolinka biyu ne, kuma kowace da tushenta.

Kifewar tana faruwa ne tun daga ɗakin harhaɗawa. Akwai maɓallan da ke nuna cibiyar nauyin kumbon da alama rawaya, da kuma cibiyar bugun iska da alama shuɗiya. Wajibi ne rawayar ta kasance sama da shuɗiyar, tamkar kibiya wadda ƙarfenta ke gaba, gashin tsuntsun kuma yana baya. Idan ka ga akasin haka, ka liƙa ƙananan fukafukai huɗu a gindin rokar. Ka kuma tabbatar turin injin ya ɗara nauyin kumbon, domin idan aka raba turin da nauyin kuma adadin bai haura 1 ba, ko motsi ba zai yi ba, 1.3 zuwa 1.5 ya wadatar.

Ta biyun ita ce ta fi ruɗar masu koyo. Kai wa sama daban, zagaya duniya daban. Iskar Kerbin, duniyar wannan manhaja, tana ƙarewa a kilomita 70, amma abin da ke hana kumbo faɗowa shi ne gudun gefe na kimanin mita 2,300 a daƙiƙa, ta yadda yana faɗuwa, doron duniyar kuma yana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa. A duniyarmu, kamar yadda za ka gani a manhajar Orbiter ta Martin Schweiger, gudun ya kai wajen kilomita 7.8 a daƙiƙa. Saboda haka, da zarar ka ɗaga, ka riƙa karkata gabas sannu a hankali, har ka kai kusurwar digiri 45 a wajen kilomita 10. Kada ka fizge shi gaba ɗaya, domin fizgar ma tana kifar da roka. Idan taswira ta nuna ƙololuwar hanyarka ta kai kilomita 80, ka kashe inji, ka jira har ka kusanci wurin, sannan ka sake kunnawa hancin kumbon yana fuskantar inda yake tafiya, har sai mafi ƙasƙancin wurin da zai bi ya haura kilomita 70.

Game da tankunan kuwa, ina ganin ka yi musu yawa a hawa ɗaya. Lissafin da masanin roka ɗan Rasha Tsiolkovsky ya wallafa a 1903 ya nuna cewa ƙarin mai yana zuwa da nauyinsa, shi ya sa rokar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969 take hawa uku, ana yar da kowane hawa idan ya gama aikinsa. Ka raba taka hawa biyu, ka duba jimillar delta-v da manhajar ke nunawa, wato yawan ƙarin gudun da man rokar zai iya ba ta, kada ka harba sai ta kai kimanin mita 3,400 a daƙiƙa.